Na Kashe Mahaifina a Takarda

Zainab ce ta fara kawo mini maganar a wayarta. Ta ce wani Bature ɗan Italiya mai shirya fim ya yi hira da 'yan jarida, ya tsufa, gashinsa fari fat, kuma a cikin hirar ya ambaci Kaduna, ya ce wani abokinsa masaƙi ne ya ba shi labarin fim ɗinsa da aka fi sani. Ta ce, Baba, ko kai ne? Na ce ta matso da wayar. Dogon hancin nan na fara gani kafin sauran fuskar, ban buƙaci a karanta mini sunansa ba. Aldo ne. Tun daga ranar kuke ta yawo da zancen cewa ubanku ya taɓa zama ɗan fim, har na ji ƙaninta yana ba abokan aikinsa labari yana ƙara gishiri. To ku natsu ku karanta wannan. Ban ba Aldo labari ba, ɗauka ya yi, kuma abin da ya ɗauka ba abin tutiya ba ne.

A lokacin ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, inji shida ne a hannuna. Shekarar da sojoji suka koya wa mutane bin layi da bulala ce. Auduga ta yi wuya, kayan gyaran inji ba sa shigowa, duk ƙarshen wata sai a liƙa takarda a bakin ƙofa ɗauke da sunayen waɗanda aka sallama. Mai hankali a irin wannan lokaci yakan sunkuyar da kai ya riƙe aikinsa da hannu biyu. Ni kuwa ba a halicce ni da zama ba. Na gudu daga noman rake a ƙauyenmu da ke bayan Maƙarfi, na yi gadi na bari, na yi kwandasta na bari, na koyi gyaran rediyo wata uku na ce ya ishe ni. A masaƙa ne kawai na daɗe, shi ma don na auri Ummanku, Kulu, an haifi Zainab. Duk da haka idan na tsaya tsakanin injinan nan suna ƙara, raina yana can waje yana yawo. Kulu takan ce ko a sahun salla nake, ƙafata ɗaya tana bakin ƙofar masallaci.

Aldo a bakin masaƙa na fara ganinsa, wajen tashin ƙarfe biyu. Ku da kuka taso bayan an rufe masaƙun ba za ku gane wannan lokaci ba. Da jiniya ta yi kuka, sai ƙofa ta buɗe, kekuna su malalo titi kamar an fasa tulu, Bahaushe da Inyamuri da mutanen Zankuwa da Tibi, kowa da auduga a gashin kansa. Yana tsaye a kan wani dakali da kamara a kafaɗa, saurayi ne siriri, wuyansa ya yi ja saboda rana. Kowa ya wuce yana kauda fuska. Ni kuwa na saki kan keke, na harɗe hannuwa a ƙirji, na wuce ta gabansa ina kallon sama kamar gwamna. Ya biyo ni da gudu har wajen masu gyaran mota. Da Turancinsa mai karkata da 'yar Hausar da ya tsinta a wurin lebura ya gaya mini kawunsa injiniya ne a wani kamfanin gina hanya, suna zaune a Barnawa, shi kuma fim yake so ya yi a kan wani masaƙi da aka sallama daga aiki, yana tura kekensa zuwa gida bai san abin da zai gaya wa matarsa ba.

Na ce, "To sai me ya faru?"

Ya ce, "Shi ke nan. Yana tafiya."

Na ce, "Babu faɗa? Babu rawa?"

Ya ce, "Babu. Kai kawai, da keke."

Ni da na saba da finafinan Indiya da na 'yan kanfu, na ɗauka yaron nan zafin rana ya taɓa shi. Amma kalmar nan, kai kawai, ta shige ni ta zauna. Ba wanda ya taɓa duban taron mutum dubu ya nuna ni.

Muka yi wajen wata biyu ina zuwa wurinsa ranar Lahadi. A nan na ga yadda yake aiki, kuma daga abin da Zainab ta nuna mini, har ya tsufa bai canza ba. Ba ya rubuta wa mutum abin da zai faɗa. Ba ya son wanda ya iya wasa. Zai sa ka ɗaure igiyar takalmi sau ashirin, ba tare da ya kunna kamara ba, yana cewa ankora, ankora, wato a sake, har sai ka gaji ka manta da shi, ka ɗaure takalminka irin na wanda ya makara aiki. A lokacin ne zai kunna. Yakan zauna awa guda yana jiran gajimare ya rufe rana. Na taɓa ce masa in dai jira ne sana'arsa, ya zo layin shinkafa ya ga ƙwararru. Ya yi dariya har ya ƙware da sigari. Ina son yaron, wannan ba zan ɓoye ba.

Sai ya zo da magana. Abokinsa mai ɗaukar sauti zai taso daga Legas, mako ɗaya tak zai yi, bayan haka kawun Aldo zai koma gida, shi ma Aldo takardar zamansa ta ƙare. Yana buƙatata kwana bakwai a jere, daga safe har yamma. Hutuna na shekara kuwa na riga na cinye shi da Babbar Salla. Dokar masaƙa a sarari take: kwana uku ba ka zo ba babu dalili, ka sallami kanka. Dalili ɗaya ne ake ba mutum kwana bakwai a kansa ba tare da takardar likita ba, shi ne rasuwar uwa, ko uba, ko mata. Na kwana biyu ina juya abin. Uwa ban iya ba, bakina ba zai ɗauka ba. Mata kuwa ana ganin ta kullum a bakin famfo. Baba ne yake nesa, ba wanda ya san shi a Kakuri, ko Zariya ba ya son zuwa. Na ce wa kaina ai takarda ce kawai, za a sa ta a fayil ƙura ta rufe ta.

Ranar Litinin na shiga ofishin akawun ma'aikata, wani dattijo mutumin Bida. Na ce masa Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne yadda maganar ta fito sumul, muryata har da 'yar rawa, wata biyu na ankora ba su tafi a banza ba. Dattijon ya miƙe tsaye, ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi addu'a mai tsawo, ni ina amin. Ya rubuta sunan Baba da na ƙauyenmu, ya buga hatimi, ya ce in gaishe da mutanen gida.

Kulu tana tankaɗe na gaya mata. Ta ajiye rariyar.

"Baban Zainab, wa ka ce ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. A takarda ne kawai."

"Baba ka kashe saboda Bature?"

"Ki rage murya. Kwana bakwai ne. Duk wanda ya tambaya, ki ce na tafi gida."

"In Maman Chinedu ta shigo mini gaisuwa fa, in ce mata me? In yi kuka ne ko in yi dariya?"

"Ki yi shiru kawai."

Ta ce, "Shirun zan yi. Amma ka sani ba da ni ka yi ba."

Haka kuwa aka yi. Maman Chinedu, matar makanikin da muke gida ɗaya da su, ta dafa shinkafa ta kawo, matan layi suka yi ta shigowa, Ummanku ta zauna a kan tabarma ta rufe fuska da gyale kwana uku. Suna cewa dubi yadda take son surukinta. Ita kuwa kunya ce take cin ta. Wannan bashin haƙuri ne da ban taɓa nema a wurinta da baki ba sai da kuka girma.

Ni ina can Barnawa a ɗakin bayan gidan kawun Aldo, na ɓuya. Da sassafe mu fita a motar kamfani zuwa wajen Mahuta, ko hanyar Narayi wadda a lokacin gonaki ne da ciyawa, ko bakin kogi inda mata suke wanki. Na tura keken nan mai faci har tafin hannuna ya yi kanta. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ban taɓa jin daɗin mako irin wannan ba. Mutum biyu suna bin motsina da ido, ana jiran rana ta dace da fuskata. A karo na farko ƙafata ta daina ƙaiƙayi. Baba bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Na lissafa komai ban da abu ɗaya, wanda ko ɗan goye a ƙasar nan ya sani: ba a barin mutum shi kaɗai da mutuwa. Ranar da na koma aiki, na aske kai, na sha mur irin na maraya, sai ga Bitrus yana jira na a wajen ajiye kekuna. Bitrus mutumin Kagoro ne, shi ne helumanmu, wato shugaban layin injinanmu, injinansa suna kusa da nawa, kwano ɗaya muke ci.

Ya ce, "Sa'idu, ya haƙuri? Mun je ai, ba mu same ka ba."

Na ce, "Kun je ina?"

"Gida mana. Ranar Lahadi. Mun ɗauki bas, duk 'yan layinmu. Hanyarku ba ta da kyau ko kaɗan. Kawunka ya ce ka tafi kai wa dangi labari a wani ƙauye." Ya dube ni. "Mutumin kirki ne kawun nan naka. Kamarku ɗaya."

Ba ni da kawu a ƙauyen nan. Baba shi kaɗai iyayensa suka bari. Na ce na gode, Allah ya ba da lada.

Abin da ya faru daga baya na haɗa shi, rabi daga bakin Inna, rabi daga bakin limamin garinmu. Bas ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Baba yana zaure yana tufka igiya. Mutane suka sauko da buhun shinkafa da goro da turmin atamfa na masaƙarmu, suka yi sallama, suka durƙusa. Bitrus ya ce sun zo gaisuwar mahaifin Sa'idu, Malam Ya'u, Allah ya jiƙansa. Liman, wanda yake zaune a gefe, ya buɗe baki, Baba ya ɗora masa hannu a gwiwa. Sannan ya ajiye igiyar ya ce, amin, sannunku da hanya, ni ƙaninsa ne. Ya shiga gida ya ce wa Inna ta ɗora tukunya, kuma kada ta fito ko me ta ji. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Musulmin cikinsu suka ɗaga hannu suka roƙa wa Malam Ya'u sauƙin kwanciyar kabari, Malam Ya'u yana amin. Wani dattijon coci da ke cikinsu ya nemi izini shi ma ya yi tasa addu'ar, Baba ya ce bismilla. Maƙwabta suka taru a bakin zaure, kowa yana kallon mamaci yana raba goro, ba wanda ya ce uffan, don Baba ya kalle su kallo ɗaya. Aka tambaye shi jinyar me marigayin ya yi. Ya ce bai yi jinya ba, farat ɗaya abin ya zo, shi kansa bai san yana tafe ba. Da za su tafi ya cika musu bayan mota da rake da mazarƙwaila, ya ce su riƙe ɗan wansa da kyau, yaro ne mai gaggawa amma ba mugu ba ne.

Lahadi na zagayowa na kama hanya. Na sayi yadin shadda da ƙwaryar goro, ina ta shirya magana a mota. Na shirya wa zagi, na shirya wa sanda, ko tsinuwa na sa rai da ita. Na same shi a zauren, na zube a gabansa. Ya dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Maraba da ɗan wana. Ya haƙuri?"

"Baba, don girman Allah."

"Babanka ai ya riga mu gidan gaskiya. Mutanen kirki sun zo daga Kaduna sun sanar da ni. A kawo wa baƙo ruwa."

"Baba, kuskure na yi. Aiki ne ya..."

"Wane aiki?"

Na gaya masa. Na yi ƙoƙarin bayyana masa fim, na ce kamar majigi ne. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, "Wato hoto."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To Allah ya sa ya yi kyau." Ya tura mini shaddar da gindin sandarsa. "Wannan ka kai wa mai ita. Ni ba a yi wa kawu irin wannan ɗawainiya."

Da ya daka mini tsawa da na samu inda zan riƙe. Amma Baba bai taɓa ɗaga murya ba. Shekara biyu ina zuwa, duk zuwa ɗan wana ne, a ba ni ɗakin baƙi, a tambaye ni iyali. Na kai liman, na kai mai gari. Ya ce musu shi ba fushi yake ba, an kawo masa sanarwa ne ya karɓa, kuma ba zai ƙaryata ɗan mutane a gaban abokan aikinsa ba. A kasuwar ƙauye kuwa yara da manya sun samu abin yi, in na wuce sai in ji ana cewa ga magajin mai rai. Haushin kaina ya koma haushin kowa. Na yi faɗa da Kulu a kan gishirin miya, na yi faɗa da masu gadi, na nemi aiki a Kano da Jos ban samu ba. Ƙaiƙayin ƙafar nan ya dawo ya ninka, sai dai yanzu ba inda nake son zuwa.

Aldo kuwa na same shi kwana biyu kafin ya tashi, bayan dawowata ta farko daga ƙauye. Yana ɗaure gwangwanayen fim a akwati. Na zauna na zayyana masa komai, don ina neman wanda zai ce mini sannu. Yana ji, sai na ga ya bar ɗaurin. Idonsa ya yi wani haske da na sani, irin na lokacin da gajimaren da yake jira ya iso.

Ya ce, "Ya ce amin? Da bakinsa?"

Na ce, "Da bakinsa."

Ya ce, "Sa'idu, wannan shi ne fim ɗin. Ba keke ba. Ka kai ni wurinsa."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Na ce in ya kuskura ya taka ƙauyenmu da kamarar nan, a kogi za a tsince ta. Ya ba ni haƙuri, har idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda da gaske yake. Amma na ga hannunsa yana laluben ɗan littafin da yake rubutu a ciki tun kafin in kai ƙofa. Rabuwarmu ke nan. Ya aiko mini da wasiƙa sau biyu ta hannun wani direban kamfaninsu, a ta biyun ya ce zafi ya lalata fiye da rabin abin da muka ɗauka, fim ɗin keke ba zai fito ba. Ban ba da amsa ba.

Sauran rayuwarsa ku kuka nuna mini ita. Na zauna da Zainab mun kalli finafinansa huɗu, tana karanta mini rubutun ƙasa. Na masunta ne, da na wata mai sharar asibiti, da na wani direban bas da ya kai tasha ta ƙarshe ya ƙi sauka. Duk ba 'yan wasa ba ne, mutanen sana'ar ne ya tsinto, duk tafiya ce da jira da tsayuwa a bakin ƙofa, ana rabin sa'a ba wanda ya ce komai. Ummanku ta yi barci a na biyu. Ni ban yi ba, don ina iya jin muryarsa a bayan kowane motsi yana cewa a sake. Ba zan rage masa ba, Allah ya ba shi ido. Na huɗun shi ne namu. Ya mayar da ni wani ɗan kudancin ƙasarsu da ke aiki a masana'antar arewa, ya mayar da bas jirgin ƙasa, rake ya zama zaitun. Tsohon da ya samo ya zauna a matsayin Baba har ɗora hannu a gwiwar abokinsa ya yi daidai, ni na gaya masa wannan. An ce fim ɗin ne ya fito da sunansa, aka ba shi lambar yabo. A ƙarshensa uban da ɗan suna zaune a tebur ɗaya, uban ya yanka burodi ya tura wa ɗan rabi. Na ga kuna share hawaye a wurin. Aldo ya tafi tun labarin yana tsakiya, sai ya ƙarasa shi yadda zuciyarsa ta so. Ga yadda ya ƙare.

Da damina ta uku, ranar Talata, wani direban motar rake daga garinmu ya tsaya a ƙofar gidanmu a Kakuri. Ya ce Inna ta ce in zo, jikin Malam ya yi tsanani, kwana biyar bai fita masallaci ba. Washegari na je ƙofar ofishin akawu. Takardar sallama ta wannan watan tana liƙe a bango, sunaye har bayanta. Na tsaya ina kallon dattijon nan ta taga yana jera fayil, a cikinsu akwai nawa, inda aka rubuta da hatimi cewa ba ni da uba. Kawu kuwa ba a ba da hutu a kansa. In na faɗi gaskiya, ranar zan bi sahun na bango, ga Zainab, ga ƙaninta, ga Kulu da tsohon ciki. Na juya na koma kan injina.

Bitrus ya same ni a wurin cin abinci, ya ga ban taɓa kwanon ba. Na ce kawuna ne ba lafiya.

Ya ce, "Sa'idu, ni tun ranar na sani. Mutum ba ya kama da kawunsa har yadda yake riƙe kofi. Ka tafi gobe. Zan riƙe injinanka, zan san abin da zan gaya wa na sama. Kwana biyu ba za su kashe ni ba."

Na ce, "In aka gane, har kai za a kora."

Ya ce, "Wannan ruwana ne. Ka tafi."

Kulu ma da na koma gida ta riga ta haɗa mini kaya a jaka. Ta ce in aiki ne ya tafi, za ta soya ƙosai, ba za mu mutu ba.

Na ce musu Asabar. Ga ruwa ya yanke hanyar ƙauye, ga layin sallama, ga kaza ga kaza, duk na jera, kuma duk gaskiya ne. Shekara da shekaru wannan nake faɗa wa duk wanda ya tambaya, har ku. Amma an buɗe mini ƙofa har biyu na ƙi bi. Abin da ya riƙe ni tsoro ne. Ina tsoron in durƙusa a bakin gadonsa, ya buɗe ido ya ce maraba da ɗan wana, ya zama ita ce magana ta ƙarshe tsakaninmu. Na gwammace in ƙara kwana uku ban ji ta ba. Ni da ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, a wannan makon na zauna daram.

Asabar na tashi aiki na kama mota, na sauka a Maƙarfi, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida. An binne shi jiya bayan sallar Juma'a. Mutane suka buɗa mini hanya, ba wanda ya yi mini ba'a, ba kuma wanda ya san irin gaisuwar da zai yi mini. Na wuce ɗakin Inna. Gadon Baba yana nan an jawo shi tsakiyar ɗaki, ya karkace, yana fuskantar ƙofa. Ta ce shi ya sa aka juya shi tun ranar Laraba, ya ce iska yake so. Ta ce duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗaga kai.

Na ce, "Inna, ya ambace ni?"

Ta gyara bakin zanenta. Ni ɗan fari ne, a al'adarmu ita da shi ba sa kama sunana, ba sa nuna ni a gaban mutane, tun ina yaro ban taɓa jin ɗayansu ya danganta ni da kansa ba.

Ta ce, "Ranar Alhamis liman ya zo duba shi. Ya ce yaron nan na Kaduna bai kyauta ba, an aika masa tun Talata. Sai Malam ya buɗe ido ya ce, ku ƙyale mini ɗana, kamfani ba ya ba mutum hutun uba sau biyu."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ɗana ya ce. Ina zaune a nan inda kake."

Na fita na tambayi liman inda aka sa shi, ya raka ni har bakin maƙabarta ya tsaya. Ƙasar ba ta bushe ba. Na durƙusa na ce, Baba, ni ne, na zo. Ranar Litinin ƙarfe shida na safe ina kan injina.